Batir a Aljihun Mahadi

Shekara talatin da ɗaya Istifanus yana gyaran keke a gindin darbejiya kusa da tashar Funtua, bai taɓa ce wa mai keke "ban sani ba". Da wannan ake yabonsa, shi ma ya daɗe yana ɗaukarsa abin yabo.

Mahadi, manomi daga Maska, a gaban Istifanus ya fara tseren keke. Yanzu ya kai shekara ashirin da huɗu, an kuma kira gwaji a Malumfashi don zaɓen mutum uku da za su wakilci jiha. Mahaifinsa ya gaya masa wannan ne na ƙarshe: in bai shiga ba, ya jingine keken ya fuskanci gona.

Wata biyu kafin gwajin, yayansa ya aiko masa da keken gwanjo daga Legas, mai giyar lantarki. Babu waya daga hannu zuwa baya. Maɓalli ne kawai, da ɗan inji kusa da tayar baya, da batir kamar kwalin ashana. Ka taɓa maɓallin, ka ji ƙit, sarƙa ta koma inda ake so, ko a tsakiyar hawa, ko taɓo ya cika ta. Istifanus ya zagaya keken sau biyu da sifana a hannu, bai ga abin da zai ɗaure ba. Wannan ya ɗan tsaya masa a rai.

Ranar tafiya ya rufe rumfarsa ya zo tasha don ya raka Mahadi. Ana cikin ɗaure keken a saman mota ya hango ramin batir buɗe.

"Kai Mahadi, ina abin da ke nan?"

"Yana aljihuna, Baba. Yaya ya ce in za a loda..."

"Yayanka ɗinki ya sani ko keke?" Masu lodi suka kwashe da dariya. "Ka bar rami buɗe a saman mota, ga hadari? Ruwa ya shiga, ƙasa ta shiga? Mayar da shi."

Direba ya leƙo ta taga. "Ɗan samari, ka bi maganar likita mana. Tun kana goye yake wa kekuna tiyata."

Mahadi ya dubi keken, ya dubi mutanen. Ya hau, ya mayar da batirin.

Motar ta zaga ta Danja ɗaukar buhunan masara, ta bi hanyar da ruwa ya cinye. Awa huɗu suna jijjiga.

A gwajin, Mahadi na cikin na gaba har kilomita ashirin. A gangare ya sa giya mafi nauyi. Da suka iso hawa ya taɓa maɓallin, shiru. Ya sake taɓawa. Istifanus yana bin su a bayan babur, ya ga Mahadi ya miƙe tsaye a kan feda, jijiyoyin wuyansa sun fito, mutum ɗaya ya wuce shi, biyu, har shida. Na bakwai ya zo.

Kowa ya ɗora laifin a kan keken. "Giyar da sai an yi mata caji kamar waya, ina amfaninta?" Wani ya ce da giya mai igiyar waya ce a jiki, irin wadda Baba Istifanus ke ɗaurawa, da yanzu ana murna.

Kafin su taso, wani ɗan tsere mai irin keken, da ya zo kallo daga Kaduna, ya yi wa Istifanus bayani. Injin nan barci yake in keke na ajiye. Da ya ji motsi sai ya farka, ya zauna a shirye yana jiran maɓalli. A saman mota ba ya samun barci, yana ta shan batir, balle batirin gwanjo da ya riga ya tsufa. Shi ya sa ake cirewa, a toshe ramin da ko ɗan tsumma ne.

Mako uku Istifanus yana juya maganar. Da kyakkyawar niyya ya yi, wannan ba shakka. To amma niyyar kare keken ce, ko ta kare shekara talatin da ɗaya a gaban masu lodi? In ya yi shiru, ba wanda zai cutu sai ƙarfe, ƙarfe kuwa ba ya jin zafi. Ranar Lahadi a coci ya kasa bin waƙa. Ana tashi ya hau kekensa ya nufi Maska.

Ya sami Mahadi a gona yana karyar masara.

"Sannu da zuwa, Baba. Da ranar nan?"

"Ba keken ba ne, Mahadi. Ni ne. Ban san abin ba, na yi kamar na sani."

Mahadi ya jefa masarar hannunsa cikin buhu. "Na sani, Baba. Tun a tasha."

"Ka sani? To me ya hana ka faɗa?"

"A gaban mutane kake magana. Yaya zan yi in ce maka ba haka ba?"

Istifanus ya nemi kunyar gona ya zauna a kai. Ya zo ne da laifi ɗaya, sai ya tarar da wanda ya fi shi: girman da ya tara a gindin darbejiya shi ne ya rufe bakin mai gaskiya.

"Bari in ga mahaifinka. In roƙe shi shekara ɗaya."

"Ya riga ya raba mini gonata, Baba. Na karɓa." Mahadi ya sa hannu a aljihu ya ciro batirin. "Har yanzu nan nake ajiye shi. Sabo ne kawai."

Istifanus ya karɓa ya juya shi a tafin hannunsa. Ba nauyi ko kaɗan.

"Ta ina ake cire shi?" ya tambaya. "Nuna mini. Ban sani ba."