Zoben da Ya Yi Ɗumi

Ranar Litinin aka dawo wa masana'antar da kawunan famfo arba'in, wai ramin da aka huda musu ya yi faɗi. Duk daga injin Stoycho suka fito, injin nan mai kwamfuta da ke yankan ƙarfe a ƙarshen rumfa. Manaja bai ja zance ba, ya ce a gwada yatsan awo. In yatsan ne ke ƙarya, laifin inji ne. In gaskiya yake faɗa, to Stoycho ne ya karanta lamba ba daidai ba, sai ya ajiye aiki haka nan.

Shekara talatin da takwas yana wannan sana'a a garin Gabrovo, ya kuwa gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Tun bara lambobin allon injin suke yi masa rawa a ido, uku ta koma takwas. Bai gaya wa kowa ba.

Ya goge kan yatsan, ɗan jan dutsen nan da bai fi ƙwayar dawa ba, wanda ke taɓa ƙarfe ya faɗi girmansa. Gwajin ba wuya. Akwai zoben ƙarfe da kowa ya san faɗin raminsa, milimita hamsin cif. In yatsan ya taɓa shi ta ciki ya ce hamsin, lafiyarsa ƙalau.

Velichka mai kula da ɗakin awo ce ta kawo zoben, tana jan ƙafa.

"Tsoho, ko karyawa ba ka yi ba, ko? Dubi fuska kamar tsumma."

"Ba ni zoben, ke dai. Ke ma ai ba yarinya ba ce."

Ta zaro shi daga cikin rigar sanyinta. Yana karɓa ya ji shi da ɗumi. Matar da ta yi shekara ashirin tana zazzaga wa mutane masifa in sun taɓa zoben nan ba safar hannu! Ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake, har mai share rumfar ya san wannan.

"Tun yaushe yake jikinki?"

"Tun ƙarfe bakwai," ta ce ƙasa-ƙasa. "Saka shi kafin ya huce. Zai ƙaru kaɗan, a ce yatsa ne, a kira masu gyara, ka kai ga fanshonka lafiya."

Ya so ya saka, gaskiya ya so ƙwarai. Ya daɗe yana juya zoben a tafinsa.

"To kawunan mako mai zuwa fa?" ya ce. "Wa zai karanta musu lamba?"

Ya ɗora shi a kan teburin dutse. Suka zauna a kan akwati, ta raba banitsarta biyu, burodin nan mai cuku a ciki, ta miƙa masa rabi, cukun cikin ya riga ya sandare. Awa guda suna zaune har zoben ya huce.

Ya ɗaure shi a injin, ya danna. Yatsan ya sauko a hankali, ya taɓa gefe huɗu, ya tsaya. Stoycho ya matsa kusa da allon, ya ja baya, ya sake matsawa.

"Velichka, karanta min."

Ta duba allon.

"Hamsin cif."

Ya gyaɗa kai, ya ciro biro daga aljihu ya miƙa mata.

"Rubuta a takardar gwajin. Ni ko layin ba na gani."