Hoton Muƙamuƙin Baban Mansura

Ni Hajaratu, duk Yankara an san ni da guɗa. Shekara talatin ba a kai amarya ɗakinta a unguwarmu ba sai da muryata a gaba. To saura sati uku bikin ɗiyata Mansura, haƙorin ƙarshe na ƙasa ya tasa ni gaba da ciwo. Na sa kanumfari, na kuskure da ruwan gishiri, ina! Kunci ya kumbura, ko tuwo sai in tura shi gefe guda.

Likitar haƙori a Ƙanƙara, wata Rifkatu 'yar Mabai, ta leƙa bakina ta ce sai an cire, amma mu fara zuwa Funtuwa a yi mani hoton ƙashi wanda ke nuna haƙora duka.

Da maigidana, Baban Mansura, ya ji an ce hoto, sai ya ɗauko babbar rigarsa ta sallah da sabuwar hula. Na ce, "Malam, ƙashi fa ake ɗauka, ba riga ba." Ya ce in bar shi. Muna zuwa aka gama da ni, shi kuwa da lafiyarsa ƙalau ya kafe sai shi ma an ɗauke shi, tunda ya sha hanya. Mai rubutu ya tambayi sunayenmu. Ni dai ba na ɗaga murya gaban baƙon namiji mijina na tsaye, shi ke amsawa. Ya ce, "Rubuta nawa a duka biyun, ai iyalina ce." Aka ba mu ambulan biyu iri ɗaya, da suna ɗaya, sunan da bakina bai taɓa faɗa ba kuma yau ma ba zai faɗa ba.

A mota ya buɗe su, ya ɗaga kowanne sama, ya zaɓi wanda ya fi yi mishi kyau ya ce wannan ne nashi. Ɗayan ya miƙo mani.

Wayyo, kwana bakwai mutumin nan bai bar kowa ya huta ba! Ranar kasuwa rumfa-rumfa ya bi da hoton. A ƙofar gida ma ina jin shi ta katanga yana ce wa abokinsa Lawwali, "Dubi muƙamuƙin namiji, malam! Wannan shi ke tauna rake tun daga gindi." Ni ina ciki ina riƙe da kunci, haushi kamar in fashe.

Ranar cirewa ya zauna a benci a waje, ni na hau kujerar likita. Rifkatu ta jera ƙarafunanta, ta zuƙi maganin kashe zafi a allura, sannan ta manna hoton jikin wata fitila. Ta ce, "Mama, kin yi sa'a, hanya a buɗe take."

Na ce, "Wace hanya kuma?"

Ta nuna mani wani siririn layi mai duhu da ya bi ta ƙarƙashin haƙora. Ta ce rami ne a cikin ƙashi, jijiyar da ke sa leɓen ƙasa ya ji taɓi ta cikinsa take bi. In saiwar haƙori ta zauna a kansa aka fizge da ƙarfi, leɓe na iya mutuwa, wani wata shida, wani har abada. Mutum ya sha fura tana zuba a haɓa bai sani ba.

 Na ga kaina ranar bikin Mansura a ƙuryar ɗaki, gyale a baki, wata can tana yi wa ɗiyata guɗa. Wallahi tsoro ya kama ni sosai.

Ta ce kada in damu, a hoton nan ramin ya yi nisa da saiwa. Ta ɗauki allurar. Sai kuma ta tsaya. Ta dubi hoton, ta dubi haɓata, ta sake duban hoton. Ta ajiye allura ta ɗauko 'yar rula ta shiga awo.

"Mama, wannan hoton naki ne kuwa?"

"Shi aka ba ni, 'yar nan."

Ta ce a kan wannan ta yi bincikenta na gama makaranta. Galibi ƙashin namiji ya fi tsayi, kuma ramin jijiyarsa ya fi nisa da saiwar haƙori. Na mace ya fi gajarta, ramin ya fi matsowa. Ta ce ba doka ba ce, akwai matan da nasu ke kama da na maza, amma wannan ƙashin ya fi ƙarfin fuskar da take gani. "Yi mani murmushi, Mama."

Da ciwon nawa na yi. Ta kalli wushiryata, ta koma kan haƙoran gaba na hoton. A manne suke, ko tsinke ba ya shiga. Ta leƙa ƙofa ta ce, "Baba, bismillah, shigo."

Ya shigo yana gyara hula. Ta tambaye shi ko akwai wani hoton. Da fara'a ya zaro shi daga aljihun gaban riga, duk ya sha hannun 'yan kasuwa, har da tabon goro a gefe. Ta goge, ta manna a fitila. Ga wushirya nan ɓaro-ɓaro. Ga kuma saiwar haƙorina zaune daram a kan ramin jijiya.

Rifkatu ta sauke numfashi. Ta ce da ta bi hoton farko, yau da ta yi mani ɓarna. Ba za ta cire ba. Za ta tura ni Katsina a yanke kan haƙorin a bar saiwar inda take.

Na juya ga Malam. Ciwo ya gudu, bakina ya buɗe. "To, mai tauna rake! Sati guda kana yawo da haƙoran matarka a kasuwa kana cewa na namiji ne. Har Lawwali ya ga cikin bakina! Leɓena ka kusa sayarwa saboda son hoto."

Likita ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya. Shi kuwa ya tsaya yana kallon fitilar. Can ya kai yatsa daidai wushiryar.

"Shi ya sa," in ji shi a hankali. "Tun a mota nake ganin wannan ya fi kyau, na rasa dalili. Ashe abin da na gani ne a bakin rijiyar garin Ruwan Godiya shekara talatin da biyu da suka wuce."

Na ja gyale na rufe fuska. A gaban 'yar mutane! Faɗan da na tanada duk ya zube.

An yi aikin a Katsina, leɓena lafiya lau. Ranar da aka kai Mansura na rangaɗa guɗar da ta tashi kajin maƙwabta. Hoton kuwa har yau bai maido mani ba. Yana cikin aljihun rigar sallah, sai dai yanzu ba ya nuna wa kowa.