Sunan Nicanor a Jikin Tudu

Yayana Nicanor, tun muna yara, ko ruwa zai sha a rafi sai ya tsaya ya gaisa da fuskarsa. Da Baba ya rasu muka raba gonar kofi: shi ya ɗauki saman tudu, ni ƙasa. Ya ce sama ce ta dace da babba.

Shekarar da ya ƙudura zama shugaban ƙungiyar manoman kofi na yankin Marcala, ya hana kowa kiransa sai da laƙabin girma na Don a gaban sunansa. Har matarsa Eulalia. Ita kuwa ta ce, "To Don, ga wake da wainar masara, kifin Don bai iso ba."

Wata safiya na ji ƙarar zarto. Na hau, na tarar ana kayar da manyan itatuwan da Baba ya dasa don su yi wa kofi inuwa.

"Yaya, lafiya kuwa?"

"Sunana nake so a gani daga kasuwa, Eusebio. Da fararen duwatsu, kowane harafi tsawon motar haya. Mai jefa ƙuri'a ya ɗaga kai, ya ga shugaba."

"Saiwar itatuwan nan ce ke riƙe da ƙasar. Gonata na ƙasanka fa."

"Kai matsalarka ke nan, kullum kana ƙasa. Ka taɓa jin an tuna da mutum saboda ya riƙe ƙasa?"

"Baba."

"Baba ya mutu ko limamin coci bai san sunansa na biyu ba."

Ya share itatuwan tudun tas. Gaskiya sunan ya fito; har daga tashar mota ana karantawa. Kullum sai ya sauka kasuwa, ya sa kujera, ya zauna yana kallon kansa. Rana ta ƙone kofinsa, ya ce dama tsohon iri ne.

Ruwan Oktoba ya yi kwana huɗu bai ɗauke ba. Rana ta biyar da hantsi, muna coci, tudun ya sauko gaba ɗaya. Ya binne gonata, da filin shanya, da alfadarina. Saura sati biyu in fara tsinkar kofi.

Mutanen rediyo suka zo. Ina tsaye cikin laka har gwiwa, ga Yaya ya sa farar riga, ya taje gashin baki.

"Ka ga abin da ka yi?" na ce.

"Eusebio, rage murya, ana ɗauka." Ya juya ga mai rediyo. "Ka ce musu gonar Don Nicanor ce. Tudu mafi girma da ya taɓa zaftarewa a yankin nan."

A zaɓe ya sami ƙuri'a ɗaya. Eulalia ta rantse ba tata ba ce.

Yanzu ni da shi muna tsinkar kofi a gonar wani, kwando ɗaure a ƙugu. Jiya ya ce mini mai gonar bai iya shugabanci ba, kuma shi yana da shawara.