Gadar Saiwa a Sohra

…kuma ai likita ya gama magana: kafin wata damina idon zai rufe gaba ɗaya. Shi ya sa Shemphang ya matsa wa 'yarsa Daphi ta kawo shi Sohra, garinsu, ya ga gadar saiwar da suka fara shi da matarsa ko da sau ɗaya. To ga su sun zo. Me ake gani? Gajimare ya sauko ya yi zaune a kan komai. Can ruwa na zubowa daga kan dutse, ana jin rugugi, ba a ganinsa. Halin Sohra ke nan, ba ta raga wa baƙo, ba ta raga wa ɗan gida.

"Baba, duk matakalar nan muka sauko don mu kalli farin bango?"

Ƙyale ta. 'Yar birni ce, yayyafi kaɗan ta fara atishawa…

Nan ne. Phidalin, matata, nan ne fa — nan shi da ita, shekarun baya, suka fafe gungume, suka kwantar da saiwar bishiyar roba a ciki don ta miƙe zuwa tsallaken rafi. Ko kaurin yatsa ba ta kai ba. Ruwa ya kora su cikin kogo, tana ta dariya, baki ja da goro: ni da kai ba za mu taka ta ba, sai jikoki… Sai aiki ya kai su birnin Shillong. Sai ciwo ya kama ta. Sai kabari. Wa zai kula da saiwa? Irin wannan gada sai ana ɗaure ta, ana karkata ta, shekara da shekaru. Ya daɗe da cire rai.

Hannu dai yana gani: ya laluba, ga saiwar. Kauri — ya kai cinyarsa! Ga sabon ɗauri, igiyar ko ruɓewa ba ta fara ba. Wane ne? Wane bawan Allah ne yake saukowa cikin wannan ruwa yana rainon abin da ba shi ya fara ba? Babu suna, babu wanda za a riƙe wa hannu. Yana godiya dai. Ya kama saiwar, ya nufi kan gadar.

Ƙafa ɗaya. Ta ɗauka. Ta biyu… Phidalin, kin faɗi ba daidai ba, ga ni a kai.

"Baba! Gajimaren ya yaye! Dubi ruwan, dubi!"

Yana ɗaga kai. Fari. Har yanzu fari, ko'ina.

Ashe ba gajimare ba ne, idon ne… tun yaushe? Bai saki saiwar ba.

"Faɗa mini yadda yake, Daphi. A hankali."