Agogon da Aka Gasa a Sunke

Malam Nuhu mai gyaran agogo bai taɓa yarda cewa agogo ƙarfe ne kawai ba. A rumfarsa ta bakin kasuwar Anka akwai wani tsohon gwangwanin alewa da ya shimfiɗa wa auduga, a ciki yake kwantar da tsofaffin agogunan da ya tara tun yana saurayi. Wani agogon ya samo shi ne wurin direban jirgin ƙasa a Ƙauran Namoda, wani wurin wani alhaji na Bukkuyum. Ya san halin kowanne. Akwai mai gaggawa da damina, akwai wanda ba ya son a kwantar da shi rigingine.

Babbansu shi ne na zinari, ƙirar Suwizalan, wanda ya karɓo matacce daga hannun magadan wani akawun auduga a Gusau. Ba ya cin batir, ba a kuma murɗa masa kunne don ya yi tafiya. A bayansa akwai wani ƙarfe mai kamar rabin wata, wanda ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa, wannan juyin shi ne abincinsa. Tun ranar da Malam Nuhu ya wanke shi da fetur, ya ɗiga masa mai, ya ji ya fara bugawa, bai sake barinsa ya tsaya ba. Ya kai 'ya'ya ɗaki da shi, ya binne abokai da shi.

Sai hawan jini ya buge Malam Nuhu a wata kaka. Hannun hagu ya mutu, na dama ya koma rawa da nauyi. Ya mayar da agogon dama, amma hannun da ke wuni kan cinya ba ya ciyar da komai. Yakan zauna a zaure yana jijjiga shi har kafaɗa ta gaji, kafin azahar kuma bugun ya fara sanyi.

Dominic, mai sayar da agogunan batir da ke zuwa daga Gummi ran kasuwa, ya biyo duba shi ya tarar da shi yana wannan fama.

"Baba, kana wahalar da kanka. Ba ni shi in kwashe tarkacen ciki in sa masa injin batir. Gidansa na nan, zinarinsa na nan, wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji Malam Nuhu. "Kai in an cire maka ciki aka cusa maka rediyo, Dominic ne?"

"In yana kama Kaduna ba laifi."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya roƙi matarsa Asabe ta riƙa ɗaura shi tana aikin gida. Ta ce ita ba za ta shiga cikin mata da agogon maza kamar ɗan sanda ba, kuma wane aiki? Hatsi inji ake kai shi, ruwa 'yan garuwa ke kawowa. Ya bi gidajen maƙwabta a zuci, ko'ina labarin ɗaya ne. Duk garin an daina motsa hannu.

A nan ne ya tuna da autarsa Luba, wadda ke aure a ƙauyen Sunke. Can har yanzu mata na niƙa a dutse, suna bakace, suna tankaɗe. Da ta zo gaishe shi ya sa ta miƙo hannu, Asabe ta ƙara huda a maɗaurin fatar da tsinken ƙarfe, aka ɗaura.

"Ki saurara da kyau. Niƙa yana so, tankaɗe yana so, duk abin da hannu ke kewayawa a hankali. Amma ban da daka. Taɓarya za ta girgiza mashi zuciya. Ban da faskare. In za ki yi wanka ki cire."

"Baba, wanga agogo ya fi jariri sharaɗi."

"Jariri in ya ji yunwa yana kuka. Wanga shiru zai yi kawai."

Abin ya yi kyau fiye da yadda ya zata. Duk ran kasuwa Luba kan zo bayan babur ɗin mijinta Sanusi, ta kara masa hannu a kunne. Bugun ya cika, ya yi ƙarfi kamar na ɗan maraƙi. Malam Nuhu har ya fara lissafin raba sauran: na direban jirgi ya ba mai kaɗin zare, na alhaji ya ba mai jan guga. Yakan lumshe ido ya ga ƙauyukan Anka duka, mata na aiki, agogunansa na kiwo a hannuwansu kamar awakin da aka bayar riƙo.

A shekarar ne zancen zinari ya cika ƙasar. Maza suka bar gonaki suka shiga ramuka, ana kawo duwatsu gida a buhu. Luba ta fara tsallake kasuwa. Ta aiko a ce tana mura. Kasuwa ta sake zagayowa, ta aiko a ce babur ya lalace. Malam Nuhu ya dubi Asabe.

"Wani abu ya samu agogon nan."

"Ɗiyarka aka ce ba lahiya, kai agogo kake tambaya."

"Mura ba ta lalata babur."

Washegari da hantsi ya sa aka ɗora shi bayan ɗan kabu-kabu, aka ɗaure shi da rawani a ƙugun mai tuƙi don kada ya zame. Hanyar Sunke ta kaɗa masa duk ƙashin da ya rage da rai. Tun daga bakin gari ya ji ƙarar injinan da ke niƙa dutse maimakon dawa.

Luba ta tarbe shi a tsakar gida, ta durƙusa, hannun damanta cikin zane. Ta kawo ruwa da hagu. Ta kawo fura da hagu. Ta tambayi Innarta Asabe, ta tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka ƙaura.

"Luba, miƙo hannu."

Ta miƙo. Babu komai sai shatin maɗauri.

"Baba, wallahi ban yi daka ba. Ko sau ɗaya."

"Ina shi?"

"Ka ce yana son abin da hannu ke kewayawa. Rairaya ce kawai na yi. Garin dutse nake rairayewa a kwano, kamar yadda ake rairayar gero. Ya ji daɗinta ma, bugun har ina jin shi ba sai na kara a kunne ba."

"To mi ya faru?"

Ta nuna wata ƙaramar kwalba a gindin rumbu. A ciki akwai zaiba, farin ruwan nan mai nauyi da masu haƙa ke zubawa cikin garin dutse, a murza da hannu, ya tsotse zinarin ya dunƙule da shi. Ita ma ta murza, agogo na hannunta. Zaiba ba ta san bambancin zinarin rami da na Suwizalan ba. Ta kama gidan agogon ta bi shi, ya koma fari fat kamar cokalin gwangwani.

Malam Nuhu ya daure.

"Yana bugawa?"

"Yana bugawa, Baba."

"To alhamdu lillahi. Launi ba komai ba ne. Kawo shi haka nan, zan san yadda za a fitar da injin tukuna."

Luba ta dubi bayan ɗaki, inda wani siririn hayaƙi ke tashi. 

Sai ga Sanusi ya fito daga can, ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya zo ya tsuguna kansa a ƙasa kamar yadda ya kamata suruki ya yi. A gabansa ya ajiye felu, a kan felun akwai wani ƙullin yumɓu da ya ƙone. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya tambayi hanya. Sa'an nan ya fara bayani, da ɗan alfahari a muryarsa.

"Baba, kunya ta hana mu kawo maka shi a haka. Shi ya sa muka ɓoye. Amma an gyara. Zaiba wuta take tsoro, kullum haka muke korar ta daga zinari. Na cire igiyar don kada ta ƙone, ga ta nan. Fuskar kuma na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen yumɓu. Ban bar shi ya daɗe ba."

Ya ɓare yumɓun da farce, yana hura yatsu. Gaskiya ya faɗa, launin ya dawo, ja-ja mai duhu kamar gasasshiyar masara. Murfin fuskar kuwa ya yamutse kamar fatar da ke kan dafaffiyar madara, lambobin sun kumbura sun yi ƙuraje. Sanusi ya goge shi da bakin riga ya miƙa da hannu biyu.

Malam Nuhu ya kara shi a kunne, da sauran ɗuminsa. Ya jijjiga. Ya ji rabin watan nan ya juya, ƙurrr, kamar kullum. Bayan shi babu komai.

Akwai maganganu da yawa a bakinsa, amma mutum ba ya zagin mijin 'yarsa a gidansa, gaban matarsa, alhali yana tsugune ba takalmi.  Ya dubi felun, ya dubi Luba da ke share ido da gefen mayafi.

"Sannu da ƙoƙari," ya ce. Sa'an nan ya juya ya daka wa ɗan kabu-kabu tsawa, wai don me ya tsaya yana kallon mutane kamar bai taɓa ganin yumɓu ba.

Da la'asar a zaurensa ya sa Asabe ta riƙe masa agogon, ya maƙala gilashi a ido, ya yi ta fama da hannu mai rawa har murfin bayan agogon ya buɗe. Man ya ƙone ya zama baƙin danƙo. 'Yar wayar nan mai kamar silin gashi, wadda ke naɗewa tana warwarewa ita ce numfashinsa, ta saki ta kwanta a gefe. Ya zazzage gwangwanin alewa ya duba cikin sauran ko akwai mai irinta. Babu. Ko da akwai, ɗan hantsakin da yake kama ƙananan sassa da shi ya faɗi daga yatsunsa tun kafin ya kai shi kusa.

"A kira Dominic mana," in ji Asabe a hankali. "Ko ba komai allurar ta riƙa tahiya."

"Allurar ba ita ce ba."

"To mi za ka yi da shi?"

 Ya mayar da murfin, ya sa ta zura maɗaurin fatar da Sanusi ya tsirar. Ta kamo hannun dama za ta ɗaura, ya janye, ya nuna mata na hagu da haɓa. Ta ɗaga hannun mai nauyi ta ɗaura, ta mayar masa da shi kan cinya.

Ran kasuwa aka fitar masa da tabarma ƙofar gida. Wani mai goro da ya saba daidaita tafiyarsa da agogon Malam Nuhu ya tsaya, ya hango zinarin na ƙyalli a rana.

"Malam, ya dawo ke nan! Ƙarhe nawa?"

Malam Nuhu ya dubi yamutsattsiyar fuskar, ya dubi titi.

"Tahi ka tambayi Dominic," ya ce.