Waken Iya

Kafinta yana tsaka da feƙe ƙafar kujera sai matarsa ta leƙo rumfa. "Iya na kiranka. Jikin fa ya tsananta."

Tun yana ango Iya, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, take miƙo musu kwanon wake ta kan katanga, amma bai taɓa kai ko loma ɗaya bakinsa ba. Kaji ake juye wa, a wanke kwano, a mayar da godiya. Duk layin an san raɗe-raɗin: wai a shekarar babban fari, da rijiyoyi suka ƙafe, naman mutum 'yan gidan su Iya suka ci suka rayu.

Ya same ta kwance, hasken hantsi yana zubowa ta hujin rufi, ya sauka a tafin hannunta kamar ruwa.

"Zauna, ɗan nan. Ya kajinka? Sun yi ƙiba da wakena?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ai ina jin murnarsu ta bayan katanga." Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. "Ban riƙe ka ba."

Idanunta suka koma kan rufi. Ta ce a lokacin farin nan sama fara ce fat kamar faranti, kogi ya zama hanya, suna tafe a cikinsa, ita da uwarta da ƙaninta goye. Wata safiya ta farka babu ƙanin, ga tukunya a kan wuta.

"Inna ta ce, 'Ci, kada ki tambaya.' Na ci. Ko mushen akuya ne, ko kuwa... Har ta koma ga Allah ban tambaya ba. Tun ranar nama bai sake shiga tukunyata ba. Wake ne kawai, ɗan nan, da gishiri. Na so a ce mutum ɗaya ya ci daga hannuna."

"Zan ci, Iya."

Amma ta riga ta lumshe ido, tana kiran wani suna da bai taɓa ji ba, a hankali, yadda ake lallashin yaro.

Da aka dawo daga maƙabarta, ya tarar da kwanon da ta lallaɓa ta miƙo da sassafe, a rufe, a inuwar katanga. Ya zauna kan kujerar da bai gama ba, tana ɗan karkacewa. Waken ya huce, gishiri ya ɗan zarce. Kaji suka taru a gabansa, wuya a miƙe, suna jira. Ya sa hannu.