Tashar da Ba a Faɗi Sunanta Ba

A garinmu, Kesler, idan ma'aikatan tashar nukiliya za su yi faɗa ba sa dukan fuska. Tun ina yaro na san haka. Ciki, haƙarƙari, cinya, duk an yarda, amma daga wuya zuwa sama ba a taɓawa. Dalilin kuwa katin shiga ne. Duk wanda ya zo ƙofar tashar nukiliya da kumburarren ido, masu gadi za su tambaye shi, shugabansa zai kai rahoto, in kuma aka gano faɗa ya yi ko 'yan sanda sun kama shi, sai a riƙe katinsa. Wanda ba shi da kati ba shi da aiki. Babana, Orval, ya tsufa yana walda a cikin tashar nan, kuma ko coci zai je katin yana aljihun rigarsa.

Ni ba ni da kati. Ban gama sakandare ba na bar makaranta, na yi wankin mota, na yi lodin masara a jiragen kogi, na tafi kudu, zafi ya koro ni. A bazarar da abin ya faru ina gida, ina kwana a ɗakin ajiye mota, ni da Baba muna wuce juna kamar 'yan haya.

Kamfanin da ke da tasharmu yana da wata a Dunbray, can gangaren kogi. Dukansu biyu lasisinsu na shekara arba'in ya kusa ƙarewa. Hukumar da ke kula da tashoshin nukiliya tana so kowane kamfani ya gaya mata tun da wuri idan zai nemi ƙarin shekara ashirin, don ta tanadi masu bincike. Kamfani ya gaya mata zai nema, amma wa tasha ɗaya, kuma bai faɗi wacce ba. Haka hukumar ta buga shi kowa ya gani: tashar da ba a faɗi sunanta ba. Babu wanda ya buƙaci a fassara masa. Ɗaya za ta rayu, ɗaya za a rufe.

Daga ranar sunan ya kama bakin mutane. Marar Suna. A shagon aski, a gidan mai, a bayan coci, kowa yana da hujjar da ta tabbatar masa mu ne. Mutanen Dunbray ma haka. Har wani a can ya buga huluna masu rubutu a goshi: Mu ne Marar Suna.

Da irin hular nan Kawu Merle, wan mahaifiyata, ya zo walimar kifi ta ƙungiyar ma'aikata. Kowace shekara ake yin ta a bakin kogi, ma'aikatan tashoshin biyu da iyalansu, a soya tarwaɗa, a sha giya, rana tana dukan kowa. Kawu Merle makanikin famfo ne a Dunbray, ƙato, mai dariya da dukan jikinsa. Shi da Baba ba su taɓa shiri ba, amma sun iya zama a tebur ɗaya saboda Inna.

Ya zauna daura da Baba ya gyara hular yadda rubutun zai fito sosai. Ya yabi kifin, ya ce mutanen Kesler su ci su ƙoshi tunda ba a san na baɗi ba. Baba bai ɗago ba. Kawu Merle ya ce ya ji an ce za a mai da hasumiyar sanyaya ruwa ta tasharmu rumbun masara. Wasu 'yan Dunbray suka yi dariya. Inna ta ce masa ya ci abincinsa ya rufa wa kansa asiri.

"Ai taimako nake so in yi, Lorna," ya ce wa Inna. Ya juya ga Baba. "Suruki, idan an rufe ku kada ka damu. Ka zo wurinmu, ina neman mai riƙe min fitila."

Baba ya ajiye cokali, ya cire katinsa daga aljihu ya miƙa wa Inna. Kawu Merle ya ga haka, shi ma ya cire nasa ya ba matarsa. Duk wanda ke wurin ya san ma'anar wannan. Mata suka fara janye yara.

Naushin farko a ƙarƙashin haƙarƙari ya sauka, na ji ƙararsa kamar an buga buhu. Kawu Merle ya sunkuya, ya rungumo Baba ta ƙugu, suka faɗa kan tebur, tebur ya karye. Kafin in tashi, filin duk ya kacame. Ban taɓa ganin faɗa mai shiru irin wannan ba. Maza fiye da yadda zan ƙirga suna dukan juna a ciki da baya, suna nishi, ba zagi, kowa ya ɗaga haɓarsa sama kamar mai tsallaka ruwa. Wani ya hankaɗe tukunyar mai, man ya malale a ciyawa yana tafasa, wani ɗan Dunbray ya taka ya yi ƙara ya ruga cikin kogi da takalminsa. Wani dattijo yana maka wa wani kujera a gadon baya, a hankali, kamar yana faskare. Ni ma na shiga. Wani da ban sani ba ya sa min gwiwa a ciki har na amayar da kifin, na tashi na rama a ƙodarsa.

Da na waiwaya, Kawu Merle ya danne Baba a ƙasa, gwiwarsa a kan ƙirjinsa. Ya cire hular nan daga kansa ya kifa wa Baba a ka, ya danna ta har ta rufe masa ido. Yana haki yana dariya.

Baba ya fizge hannunsa na dama ya kai masa naushi a baki.

Ban san wanda ya fara tsayawa ba, amma cikin ɗan lokaci kowa ya tsaya. Kawu Merle yana durƙushe, haɓarsa ta karkace gefe, jini yana zuba a rigarsa, ya tofar da haƙora biyu a tafin hannunsa yana kallonsu. Baba ya tashi zaune, hular har yanzu a kansa. Ya dubi hannunsa. Haƙori ya tsaga shi a kan gaɓa.

Muƙamuƙin Kawu Merle ya karye, dole asibiti, asibiti kuma dole su kira 'yan sanda. Shugaban ƙungiya ya tara manya a gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Idan aka ce ma'aikata biyu ne suka yi faɗa, katin duka biyun ya tafi. Idan kuwa wani daga waje ne ya auka wa Merle, Merle wanda aka zalunta ne, Baba kuma ba ya ciki. Na ga suna waiwayena ɗaya bayan ɗaya.

Inna ce ta zo. Katin Baba yana hannunta, ta matse shi har yatsunta sun yi fari.

"Dewey," ta ce, "kai ba ka da abin da za a ƙwace maka."

Na dubi Baba. Bai dube ni ba, bai kuma ce a'a ba. Shugaban ƙungiya ya ce ɗan sanda zai duba hannu, nawa kuwa lafiyarsa lau. Sai na je wurin motar Kawu Merle na naushi ƙofarta, na sake, na sake, har fata ta buɗe jini ya gangaro zuwa gwiwar hannuna. Kawu Merle yana kallona ta saman tawul ɗin da aka danna masa a baki. Ya ɗaga min babban yatsa. Ban san ko godiya ce ko tsokana ba.

Ɗan sandan gunduma ya zo ya tarar da fuskoki masu tsabta da mutane masu tafiya a karkace. Kowa ya ba shi labari iri ɗaya: yaron Orval ne, dama ba ya jin magana. Ya yarda nan take, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ranar Litinin da safe aka sake ni daga ofishin 'yan sanda, za a kira ni kotu daga baya. Baba ne ya zo ɗaukata, da kayan aikinsa a jiki, hannunsa na dama cikin aljihu, yana tuƙi da hagu. Ya ce in sauke shi a tasha in kai motar gida. Da muka isa ya fito da hannun zai ɗauki kwanon abincinsa, sai na gani. Ya kumbura ya yi kamar burodi, ja har wuyan hannu, wurin haƙorin yana ruwa.

Na ce masa ya je asibiti. Ya ce fuskarsa lafiya, ita ake dubawa.

Ban tafi ba. Na koma kujerar direba na zauna ina kallon tururi yana tashi daga hasumiya. A ƙofar tashar, bayan ka nuna kati, akwai wata na'ura da kake ɗora tafin hannunka a kai, ta auna tsawon yatsu da kaurinsu, ta tabbatar kai ne. Duk tsawon shekarun nan da suke kare fuska, babu wanda ya tuna da ita.

Ba a jima ba ya fito, kwanon abincin a hannun hagu. Ya buɗe ƙofa ya zauna a gefen fasinja. Ya ce na'urar ta ƙi shi, ya sake gwadawa ta sake ƙi, ƙofa ta kulle. Matar da ke gadin ƙofar ta je walimar, har ta ci kifi a teburinmu, amma na'urar ta riga ta kai ƙara ofis, ba yadda za ta yi. Shugaban masu gadi ya zo ya duba raunin, ya tambaye shi haƙorin wane ne. Aljihun rigar Baba babu komai, sun riƙe katin.

"Sun ce sai an gama bincike," in ji shi.

Na tayar da mota. Mun kusa gada ya ce in nuna masa hannuna. Na miƙa masa, ya juya shi ya duba gaɓoɓin da suka farfashe, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sake shi. A bakin gidan mai wani ya rataye sabon ƙyalle, an rubuta da jan fenti cewa Kesler ce Marar Suna. Baba ya ce in bi ta asibiti.